Tafinta

Ni na kai su gidan Inna Dubu a Lagdo,
ni ne, kada a ɗora wa kowa.
Jaka goma ta sefa a wuni, da hular rana kyauta,
da ruwan gora mai sanyi.

Sun iso da hantsi, su huɗu, da na'ura a kafaɗa.
Ta shimfiɗa musu tabarmar baƙi, sabuwa, ja da kore.
Dogon cikinsu ya ce, "Faɗa mata ta naɗe wannan,
a ɗauko waccan ta bayan akurki."
Na faɗa mata.
Ya ce farantin sola da ke kan kwano yana ɓata musu hoto.
Na hau da ƙafata, na kwance da hannuna.
Babur ɗin Hamadu muka gangara bayan rumbu,
muka lulluɓe shi da buhunan masakwa.
Jikoki uku suka dawo daga boko, riga shuɗiya, takalmi a ƙafa,
aka ce su cire.
Bakari, autansu, ya ƙi.
Alawa biyu ta saye shi.

Inna Dubu mai banda ce.
Karfasarta har Garwa, tarwaɗarta har Yola.
Da hayaƙi ta yi ɗakin kwano,
da hayaƙi ta ga Ka'aba.
Da ta yi dariya haƙorin Makka ya ƙyalla,
suka ce in roƙe ta ta rufe baki.

Ban taɓa ganin masu haƙuri irinsu ba.
Tun azahar suke tsugune
suna jiran ƙuda ya sauka a gefen idon Bakari.
Da ya sauka,
dogon ya ɗaga mini babban yatsa.

Aka ce ta dubi tafki, ta faɗi abin da ke ranta.
Ta ce, "Kwana uku ke nan akuyar Jauro tana cinye mini gyaɗa,
ranar da na kama ta, sai dai ya zo ya sha romo."
Hayaƙin banda ya shiga idonta, ruwa ya gangaro.
Na fassara daidai.
Wallahi na fassara daidai, har romon.

Damina biyu ta wuce, sai Dija ta bugo daga ƙasar sanyi
inda take karatun haɗa magani.
"Kawu, na ga kaka a majigi.
A ƙarƙashin haɓarta an rubuta: *kwana uku ba mu ci ba.*
An ɗora wani kiɗa mai kama da makoki.
Mutane sun tashi tsaye suna tafi,
dogon ya karɓi lambar yabo, ya share ido.
Washegari ƙawata ta kawo mini tsofaffin riguna a leda,
mai gidan haya ta nuna mini yadda ake murɗa famfo.
Na ce, madatsar garinmu ce ke haska Garwa.
Ta shafa kafaɗata."

An ce baƙo raɓa ne, hantsi na yi ya bushe.
Wannan raɓar ta tafi da fuskarmu,
tana yawo da ita gari gari,
ƙuda ɗaya tal yana gabatar da mu ga duniya.

Akwai yunwa a nan, ban ce babu.
Na san gidan da ba a hura wuta jiya ba.
Su ma suna da suna, suna da bakin magana,
ba wanda ya tambaye su.

Na je na durƙusa gaban Inna, na faɗa mata duka.
Tana juya kifi a kan waya, ba ta ɗago ba.
Can ta ce, "Akuyar fa, sun nuna ta?"
Na ce a'a.
Ta ce, "To ɓarauniya ta tsira, ni aka kama."

Farantin nan ni na mayar da shi kan kwano,
amma tun ranar bai zauna daidai ba.
In iskar tafki ta taso da dare,
ƙwan ɗakinta yakan ɗauke, ya dawo,
ya ɗauke.
Hular tana nan a kan ƙusa. Ban sake sa ta ba.